Ciyawar Hanyar Ɗakin Baba

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana kula da lambun wata ma'aikata, amma duk cikin tsirran duniya ya rasa wadda zai so sai wata ciyawar banza. Mai-gaɓa yake ce mata. Ba ta miƙewa tsaye, shimfiɗewa take yi a ƙasa kamar tsohuwar tabarma. Karanta siriri ne mai gaɓa-gaɓa, a gindin kowane ganye akwai ɗan fure fari wanda sai ka tsuguna za ka gan shi. Saiwarta guda ce doguwa, in ka ja sai ta bar ka da ganye a hannu.

"Auta, wannan ba ta rayuwa sai inda ake takawa," haka yake gaya min tun ina ƙarama. "Ƙafa ce ke kashe mata dogayen ciyayi. Ranar da aka daina bin hanya sai su taso su tare mata rana, ta mutu."

Da mahaifiyarmu ta rasu, Yaya ya ɗauke Baba zuwa gidansa, mutane suna ta sa masa albarka. Abin da ba su gani ba shi ne ɗakin da ya ba shi, can ƙarshen fili bayan tankin ruwa, mai ƙofar ƙarfe da taga ɗaya da ɗan banɗaki a ciki. Daga baranda zuwa can taku arba'in ne.

Ni kuwa ina aikin jinya a wani gari mai nisa, ɗaki biyu da miji da 'ya'ya uku. In na buga waya, sai Baba ya ce, "Lafiya lau. Yayanki kullum sai ya leƙo, yara ma ba sa bari in yi barcin rana."

Na san Baba, ko wuta yake ciki ba zai kai ƙarar ɗansa ba. Shi ya sa zuwana na farko ban tambayi kowa ba, na dubi ƙasa. Ga mai-gaɓa nan kwance shar daga baranda har bakin ƙofarsa, tsuntsaye na tsattsagar irinta. Wallahi sai na ji sanyi a raina. Har na yi wa kaina faɗa kan zargin ɗan'uwana. Na ga Baba ya rame, na ga ƙafafunsa sun kumbura, ni da nake ma'aikaciyar jinya, amma na ce tsufa ne. Zuwa na biyu ma haka na duba ciyawa na kama hanya.

Na uku ban sanar ba. Ina zagaya tankin ruwa na tsaya cak. Babu hanya. Ciyawa ta kai gwiwa, ga kwaɗo rataye a ƙofar Baba.

Matar Yaya ta biyo ni tana goge hannu a zane.

"Ke dai bari, tsohon nan kansa ya taɓu," in ji ta. "Safe da yamma sai ya fito da sandarsa, ya zo baranda, ya koma, ya zo, ya koma, yana buga ƙafa kamar mai kirɓa ƙasa. Rannan na ƙirga sau talatin! Baƙi na falo suna kallo ta taga. Yayanki ya ce a rufe shi kafin ya faɗi a ce mu ne."

"Wa ke zuwa wurinsa?"

"Mai aiki tana bi ta gefen katanga ta miƙa masa abinci ta taga. Me aka rage shi da shi?"

"Na ce wa ke zuwa ya zauna da shi? Yaya fa?"

Ta yi dariya. "Yayanki? Yaushe ya ga ta zama? Ai tun da aka kawo shi bai fi sau uku ya taka wajen ba."

Sai a lokacin na gane ƙafar wa ta raya ciyawar nan. Baba ya san abin da zan duba, don shi ya koya min.

Na kutsa cikin ciyawa har taga. Yana zaune a bakin gado, sandar na jingine da bango. Da ya gan ni bai yi murna ba, kunya ce ta kama shi.

"Auta, kin zo ba sanarwa," ya ce. "Da kin faɗa, da na roƙe su sun buɗe ni ko na mako biyu."

Na nufi falo wurin Yaya ina zuba ruwan masifa. Yaya ya bari sai da na gama, ko talabijin bai rage ba. Ya laluba aljihu ya ajiye ɗan makulli a kan tebur.

"Ga shi nan. Tunda ke ce mai tausayi, ɗauke shi yau. Ni zan ma kai ku tasha."

Na dubi makullin. Na tuna ɗakunana biyu, na tuna fuskar mijina, na tuna ina da aiki gobe da safe. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, hannuna bai motsa ba. Yaya ya mayar da makullinsa aljihu yana murmushi, kuma wannan murmushin ya fi mari ciwo.

Na je sallama ta taga, na ce zan shirya in dawo. Baba ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Har na juya ya kira ni.

"Auta, in za ki tafi ki bi ta tsakiya, ki taka da ƙarfi. Irin mai-gaɓa na nan a ƙasa bai mutu ba. Yana iya jira shekaru."

Na bi ta tsakiya, na taka da ƙarfi, taku arba'in. Da na waiwaya daga baranda, ciyawar ta riga ta fara miƙewa a bayana. Yau wata bakwai ke nan, ban koma ba.