Gurbin Mama a Hoton Zumunta

Matan zumuntar cocinmu a Samaru suna da wata al'ada da ba ta taɓa kwanta mini a rai ba. Duk shekara in za a ɗauki hoto, kowace mace takan tsaya inda ta saba, wadda ta rasu kuma a bar mata gurbinta. Ba sa ma cewa ta rasu, sai dai ta yi barci. Shi ya sa hotunan baya-bayan nan suka zama kamar bakin tsohuwa, giɓi ta ko'ina.

Da bikin zumuntar ya ƙarato, sai aka ce ni Ƙauna in tsara hotunan, tunda na yi jami'a. A wurinsu wanda ya yi jami'a har janareta ya iya gyarawa. Na hau Keke zuwa Sabon Gari, shagon Baba Ejiofor, wanda ke ɗaukar su hoto tun kafin a haife ni. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya nuna mini manhajar da yake tsara hotuna da ita.

"Kin gani, 'yata, alamomin nan da ake liƙa wa hotuna kamar zuriya suke. Uwa a sama, 'ya'ya a ƙasa. Duk wanda kika sa ƙarƙashin uwa ya gaji sunanta."

Na kafa uwa, Zumuntar Mata, na fitar mata da reshe biyu, Masu Rai da Masu Barci, na jera sunaye ƙarƙashin kowanne. Manhajar tana gane fuska, ta zana mata ɗan akwati ta kawo suna. Aiki ya tafi lafiya har na zo hoton bara. Nan na ga akwati a kan gurbin Mama Susanna, wadda muka binne tun ina sakandare. Babu komai a ciki sai bangon coci, amma ga sunanta ɓaro-ɓaro. Na duba sauran giɓin, kowanne da akwatinsa da sunan mai shi.

"Inuwa ce take ruɗa ta," in ji Baba Ejiofor. Ya faɗa yana jan kujerarsa baya.

Da ina da hankali da nan na tashi. Amma karambanin akuya, gai da kura, na buɗe hoton bana.

Mahaifiyata ba ta je hoton bana ba. Tana kwance a gida a Palladan, hawan jini ya kayar da ita, magana ma da ƙyar take fita. Su kuma matan, don kara, suka bar mata gurbinta, ba wadda ta tuna cewa ba a bar wa mai rai gurbi. Akwati na kan wurin. Sunanta kuma, da na sa da hannuna a Masu Rai, ya koma ƙarƙashin Masu Barci.

Na ja sunan na mayar, ya dawo. Na goge shi, ya sake fitowa. Na kira wayarta, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Tsoro ya kama ni, haushi ma ya kama ni, na matan da na manhajar da na kaina. Mama kaɗai ta rage mini a duniya.

Sai dabara ta faɗo mini. Tunda sunan ya ƙi motsi, na kama reshen Masu Barci gaba ɗaya, da uwa da 'ya'ya, na ja shi zuwa ƙarƙashin Masu Rai.

"Kai, 'yata, kar ki saki!" in ji Baba Ejiofor.

Na riga na saki. Ya zauna daram, ko gardama babu.

Wayata ta yi ƙara. Mama ce, muryarta garau, yadda ban ji ta ba tun kafin ta kwanta.

"Ƙauna, kina ina ne?"

"Mama! Kin tashi?"

"Na tashi mana. Maza ki taho da burodi da sukari, na yi baƙi. Ga Susanna da sauran nan sun zo gaishe ni, duk cikin zanen zumunta, ɗaki ya cika har ba wurin zama."

A bayanta na ji an tayar da waƙa, muryoyi da yawa, har da tafi.