Bututun Injin Shanya

Malam Tasi'u shi ne mutum na farko a tarihin Anka da ya sallami rana daga aiki. Tun kaka da kakanni ita ke busar wa mutanen garin da tufafi, ba ta taɓa neman ko sisi ba, amma shi ya duba ya ga ba ta da tsari. Takan fito lokacin da ta ga dama, da damina kuma sai a yi kwana da kwanaki ba a ga ƙeyarta ba. Don haka ya tafi Gusau ya sayo injin busar da kaya, na hannu, fari, mai ƙofar gilashi, ya girke shi a ɗakin matarsa Zinatu, domin nan ne kaɗai daɓen siminti bai farfashe ba. Bututun da ke fitar da iskar zafi kuwa aka zura shi ta taga, yana hura wa lungu.

Ciniki bai yi wuyar samuwa ba. Masu haƙar zinariya daga wajen Bagega sukan shigo gari da kaya jage-jage da taɓon rami, suna sauri su koma kafin wani ya gaje musu wuri. Zinatu ta wanke, inji ya busar, Malam Tasi'u ya karɓi godiya a zaure. 'Yarsu ta fari, Nusaiba, wadda ba ta daɗe da fara rarrafe ba, takan zauna gaban gilashin tana kallon riguna suna tuntsura gudi-gudi, tana tafi.

Ana tsakiyar damina injin ya yi yaji. Yana juyawa, yana ƙugi, amma kaya su fito da sanyinsu kamar yadda suka shiga. Aka kira Gambo mai gyaran janareta, wanda bai taɓa ganin irin injin ba, saboda haka babu abin da bai sani ba a kansa. Ya kwance bayan, ya ja bel ya ji da ƙarfinsa, ya ɗora mitar awon wuta a kan hita, wato abin da ke ba injin zafi, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya zaro wani ɗan farin abu da bai kai ɗan yatsa ba.

"Malam, hita lahiya lau take. Wanga ɗan fis ɗin ne yam mutu."

"Mi ne aikinai?"

"In zahi ya yi yawa shi ka yanke wuta. Awa mai gadi dai."

Aka yi saƙon sabo daga Gusau ta hannun direba. Ya yi 'yan kwanaki ya bi ɗan'uwansa. Aka sake sayo wani, shi ma ya ce ga garinku nan. Sai a karo na uku Gambo ya tuna da bututu. Ya zaro shi daga taga da ƙyar, ya zazzage a tsakar ɗaki, sai ga wani irin curin auduga mai launin toka ya faɗo tim, da nauyi kamar jiƙaƙƙen yashi. Ƙura ta tashi ta cika ɗakin. Zinatu, da ke tsaye bakin ƙofa, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuskar yarinyar da ke bayanta.

"Ga ɓarawon naka," in ji Gambo. "Hanci yat toshe, dole jiki shi yi zahi. A zubar, a riƙa sharewa, shi ke nan."

Da an zubar ɗin, da labari ya ƙare nan. Amma Malam Tasi'u ya ɗebi curin ya murza tsakanin yatsunsa, ya matsa bakin taga, ya daɗe yana kallo. Ya sa aka miƙo masa tasar da Zinatu ke dama fura, ya zuba ruwa, ya yi ta karkaɗawa yadda ya ga masu wanke zinariya suna yi a bakin rafi. Da ruwan ya tsiyaye, can a gefen tasar wani siririn layi ya kwanta, rawaya-rawaya, wanda sai mai son ganinsa zai gan shi. Malam Tasi'u yana so ƙwarai.

"Gambo," ya ce da ƙaramar murya, "ashe watan nan duka arzikina nike hura ma lungu."

A ranar aka sake tsari. Bututu ya dawo cikin ɗaki, aka ɗaure bakinsa da tsohuwar rigar filo don ta tare abin da ke fita. Taga aka rufe ta, kada iska ta yi sata. Kaya kuma ba za a ƙara wanke su da farko ba, za a jefa su da taɓonsu su bushe su kakkaɓe, wanki ya biyo baya. Gambo ya ce ai da rigar filo a bakin bututu fis ba zai kwana ba.

"Mai gadin da ka mutuwa kullum, mi amfaninai?" in ji Malam Tasi'u. "Cire shi."

Gambo ya cire, ya haɗa wayoyin biyu da guntuwar jar waya, ya naɗe da salatif. Inji ya tashi da zafinsa, bai sake yankewa ba.

Zinatu 'yar Bagega ce. Tana budurwa shekarar da yara suka riƙa sanƙarewa a bayan iyayensu mata, aka yi ta cewa iska ce, har likitoci suka zo suka ce gubar darma ce da ke cikin dutsen zinariya. Ta ga mutane da ƙyalle a hanci suna kankare ƙasar tsakar gidansu da shebur suna lodawa a buhu. Kafin su zo an riga an kai ƙanenta Uwais makwanci. Cikin abin da aka yi ta nanata musu har da wannan: kayan rami ba su shiga inda yaro yake. Tun da aka fara kawo wankin take yin sa a bayan gida, ta zubar da ruwan nesa, ta wanke hannu kafin ta ɗauki 'yar. Yanzu ramin ne da kansa ya tare a ɗakinta.

Ta bari sai da Gambo ya fita.

"Malam, ƙurar ga hwa ita ce."

"Ita wa?"

"Wadda anka kwashe daga gidanmu."

"Waccan dutse ne aka niƙawa cikin turmi, jahilci ne. Wanga inji na Turai ne, da ragar tacewa a cikinai. Kin hi Turawa sani?"

"Yarinyar ga tana rarrahe."

"Sai ki goya ta. Mi anka yi zane dominai?"

Ta so ta ce Nusaiba, ta so ta ce ɗiyata, ko sunan zai taɓa wani wuri a jikinsa. Amma 'yar fari ce, kuma tun da aka raɗa sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Uwar da ta san kara ba ta tsayawa gaban miji tana kuka a kan ɗan fari. Sai ta juya ta koma aikinta, shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin ganewa.

Rigar filo tana tare abin da ido ke gani. Sauran yana bi ta saƙar ya sauka a hankali bisa murafan kwanoni, bisa gado, bisa bakin randa. Zinatu ta goge da jiƙaƙƙen tsumma da safe, kafin la'asar ta iya rubutu da yatsa a kan akwati. Ta goya yarinyar har kafaɗunta suka ƙage, amma ba a tuƙa tuwo a yi salla a shiga bayi da goyo kullum, kuma ɗakin yana da ɗumi, yara kuwa suna son ɗumi. Wata ranar Laraba ta dawo daga murhu ta tarar da ita zaune a gindin inji, ta kama rigar filon da hannu biyu tana tsotsar kusurwarta, bakinta ya yi toka-toka. Yarinyar ta ɗago ta yi mata dariya.

Zinatu ta wanke mata baki har ta yi kuka. Sannan ta zauna ta auna hanyoyin da ke gabanta. In ta yi faɗa, za a ce tana baƙin ciki da arzikin mijinta. In ta yi yaji, dattawa za su zauna su maido ta, da goyonta. Hanya ɗaya ce ake fitar da yaro daga gidan ubansa kowa ya sa albarka.

"Malam, yaye nike son in yi. In kai ta Gummi wurin Inna."

Ya ajiye tasar da yake karkaɗawa. Yarinyar ko tsayuwa ba ta fara ba, kuma dalili ɗaya ne ke sa mace ta cire ɗa daga nono tun lokaci bai yi ba. Ya dubi cikinta, fuskarsa ta washe.

"Allahu Akbar! Kin gani ko? Arziki in ya tashi zuwa, ba shi zuwa shi kaɗai."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kafin ta shiga mota labari ya gama unguwa cewa Zinatu ta yi kwanika, matan lungu suna yi mata sannu suna kallon juna.

Inna Hure, mahaifiyar Zinatu, wadda ta koma Gummi wurin danginta tun bayan rasuwar Uwais, ba ta bari ta kwance goyon ba ta fara.

"Ke ko kunya! Ɗiya ko tahiya ba ta hwara ba? Ina kike gaggawar zuwa? Haka kinka ga na yi?"

Zinatu ta kwance yarinyar ta ɗora mata a cinya, ta durƙusa kamar mai gyara mata riga.

"Inna, ki kai ta asibiti a ɗibi jininta."

Inna Hure ta dubi 'yarta, ta dubi jikar. Ta sa babban yatsa ta ɗaga leɓen yarinyar tana duba dasashi kamar yadda ta ga likitoci suna yi a Bagega, ta daɗe a haka. Ba ta ƙara tambayar komai ba, sai ta juya ta goya ta, ta ɗaure zanen tamau.

Zinatu ta dawo Anka ƙirjinta ya cika ya yi tauri, ta ɗaure shi da ɗankwali a ƙarƙashin riga. Ta tarar Malam Tasi'u ya yi tunani a kan halin da take ciki, irin na maigidan da ya san ya kamata. Daga yau ba ita ba jan ruwa, ba ita ba wanki, ya samo mai yi. Ya ware mata aiki mara nauyi, wanda za ta yi daga zaune: kwance rigar filo in ta cika, a kakkaɓe ta cikin tasa, a hankali, ƙofa a rufe.

"Kada ki bari ko ƙwaya ta tashi banza," ya ce.

Ta ce to. Ta shiga ɗakin ta tura ƙofa, ta jawo kujera 'yar tsugunne, ta fara kwance ƙullin.