Casa'in da Shida

...kuma ba lambar ce ta fara damuna ba, Yaya Subhi, ambulan ɗin ne. An buɗe shi an mayar. Shekara ashirin ina kan keken ɗinki, a ce ba zan gane inda aka farke aka sake haɗawa ba? Gam ɗin ya ɗaga ta gefe ɗaya, takardar ta yi ɗan laushi kamar an shafa mata yawu an danne da babban yatsa. Ragab ya ce gumin aljihu ne. Gumi. Mijina da ko a tsakiyar bazara ba ya jiƙa riga.

To wa ya aike shi ya karɓo? Sakamakon gwajin jinina ne, sunana ne a jiki, Awatif Abdul-Ati, an rubuta shi ɓaro-ɓaro. Na ce zan je da kaina bayan la'asar. Kafin in sauke tukunya sai ga shi ya shigo da shi a hannu, yana cewa hanya ce ta biyo da shi.

Shi ya sa nake nan yanzu. Wani ɗakin gwajin daban, a Mansura, saman shagon masu matse rake, inda babu wanda ya san ni, babu wanda ya san Ragab. Na ce masa yadin shafi zan sayo na kayan 'yan makaranta. Jiya suka ɗebi jinin, yau yarinyar da ke bayan taga ta ce rabin awa. Rabin awar tata ta wuce tun ɗazu. Me suke yi da shi a ciki? Ta ɗaga waya sau biyu, sau ɗaya ta dube ni tana magana... A'a. Agogon da ke saman kaina ta duba. Ina jin agogon ne.

Casa'in da shida. Na ƙasansa saba'in da ɗaya. A gefe an sa arba'in, wai nan ne iyaka, an yi musu 'yar tauraro kowanne. Haruffa uku-uku na boko, ALT, AST, na haddace su kamar sunayen maƙiya. Likita ya juya takardar ta fuskance ni, ya sa biro a kai. Ya ce, Madam, waɗannan biyun ba su ne ke faɗin ko hanta na aiki ba. Abubuwa ne da ke zaune a cikinta, idan wani abu yana takura mata sai su yoyo cikin jini, mu kuma mu gan su. Dubi nan ƙasa, wannan shi ke sa ido ya yi rawaya, naki lafiya lau. Wannan kuma shi hanta ke ƙerawa, shi ma lafiya lau. Ba ki da ciwon hanta na C, ba ki da na B. Hantarki na aikinta, ƙorafi kawai take yi.

Ƙorafi take yi. Har na kusa dariya. 'Yar gidanmu ce ke nan.

Amma ba zai yanka mai ƙorafi ba. Haka ya ce, da ladabi, yana rufe fayil. Ba zai cire rabin hantar da bai san abin da ke damunta ba ya dasa wa wani, ya bar ni da rabin da bai yarda da shi ba. Ko kitse ne, ko magani, ko ganye. A dakatar da komai, a yi hoton ciki, a sake gwaji bayan sati huɗu.

Sati huɗu. Kana da su? Ranar Talata aka zuƙe maka ruwa a ciki, roba uku, ran Juma'a cikin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Ƙafafunka... ban son tuna ƙafafunka.

Kai da ka ɗauke ni a kan keke har sakandare, shekara shida, a kan hanyar bakin magudana, kana rantsuwa cewa nauyina ya fi na buhun shinkafa. Kai da aka jera ku a filin makaranta kuna yara, layi guda, allura guda ta gilashi daga hannu zuwa hannu, wai maganin tsargiya. Inna tana ba da labarin da alfahari: Subhi bai yi kuka ba. Bai yi kuka ba, ya dai ɗauko ƙwayar cutar da za ta cinye masa hanta bayan shekara arba'in. An kashe ƙwayar da sabon magani, amma hantar ta riga ta zama kamar busasshen soso. Ranar da aka ce sai dashe, 'ya'yanka jininsu bai zo ɗaya da naka ba, nawa ya zo. Ban yi shawara da kowa ba. Na ce ga ni. Ka buɗe idanun nan naka masu launin kurkum ka ce, "To ki roƙe su su ba ni ɓangaren da ba shi da masifa." Na ce, "Duka biyun iri ɗaya ne, ka ɗauka ko ka bari." Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Ragab bai yi dariya ba. A motar haya, muna komawa, sai da muka wuce gada sannan ya ce min, "Umm Tamir, 'ya'ya uku gare ki." Kamar ni ban ƙirga ba. Kamar ba ni na haife su ba. Sati biyu muna abu ɗaya: in kin mutu fa, in kin nakasa fa, ɗan'uwanki ya ci zamaninsa, 'yarki Rihab ko aji uku ba ta kai ba. Na ce hanta tana tofowa, likita ya faɗa, wata biyu ta cike gurbinta. Ya ce, "Likita ai ba tasa zai bayar ba."

Sai kuma ya yi shiru. Rana ɗaya. Wannan shirun ne ban yarda da shi ba. Mutumin da zai yi musu da kai a kan ko an yi ruwa jiya, ya tashi da safe ya ce Allah ya sa alheri, me kike buƙata? Shi ya ce a yi gwajin a wurin Ustaz Hamdi, kusa da gida, kada in sha wahalar layin asibiti. Ustaz Hamdi. Wa ke zama gefensa a gidan shayi kowace yamma suna buga domino? Wa ya gyara masa famfon gidansa kyauta bara? Lamba ce fa. Ana buga ta da yatsa. Ashirin da shida, casa'in da shida... yatsa ɗaya ya ɗan zame.

Astagfirullah. Hamdi mutum ne mai sallah. Shi ya gano ciwon sukarin Inna lokacin da kowa ke cewa gajiya ce. To amma mai sallah ba ya taimakon aboki? Ba zai ce a ransa rai yake ceta ba? Uwar yara uku...

Matar da ke kusa da ni tana fifita da takardar gwajinta. Ta tambaye ni na mene ne nawa. Na ce na aure. Ta dube ni, ta dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalina, ta matsa. Gara haka.

Sannan ga jiƙon.

Likita ya ce in rage kilo shida kafin aiki. Kwana biyu da faɗin haka Ragab ya shigo da ƙullin ganye daga wurin mai magani a kasuwar Alhamis, wai yana narkar da kitse, matar wane ta sha ta koma kamar budurwa. Shi yake tafasawa. Da hannunsa. Shekara goma sha tara ban taɓa ganin ya kunna risho ba, bai san inda ake ajiye ashana ba, sai ga shi kowace safiya da kofi, yana tsaye a kaina har in shanye. Ɗaci kamar maɗaciya. "Sha, 'yar lukuta, don Subhi ne." Ni kuwa har ina jin daɗi. Har na gaya wa maƙwabciyata cewa tsufa ya fara gyara min miji. Wata ɗaya da rabi ina sha.

Da likita ya ce, akwai wani ganye, wani jiƙo da kike sha? Ban kai ga buɗe baki ba Ragab ya ce, "Babu komai, Dakta." Da sauri. Bai ko dube ni ba.

Ya manta ne? Ko bai ɗauki ganye a bakin magani ba, kamar yadda babu wanda ke ɗaukar na'ana'a magani? Ko kunya ya ji a gaban mai farar riga? Ko kuwa ya je ya ce wa mai maganin, ba ni abin da zai ɗan taɓa ta kaɗan, kaɗan kawai, yadda za su ce ba ta dace ba... Za a iya faɗin haka? Akwai mai sayar da irin wannan? Na ga fuskarsa da aka karanta lambar. Ya yi fari. Amma farin tsoro ne, ko farin wanda ya ga abin ya wuce yadda ya so? Kwana biyar ke nan ina juye kofin a bayan tukunyar fure in ya juya baya. Har yanzu yana tafasawa. In da gangan ne, me zai sa ya ci gaba bayan ya samu abin da yake so? In ba da gangan ba ne, me zai sa ya ci gaba bayan ya ji abin da likita ya ce?

Duk ta inda na bi sai in tarar da shi a tsaye da kofi.

Matarka kuma ni take zargi. Kada ka ce a'a, ba ka ga idonta ba. A barandar asibiti na gaya mata, Nagat ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya, ita da ba ta karanta boko, ta ce, "Ikon Allah. Wata biyu da suka wuce ai ƙalau kike, ko?" Ko. Wannan "ko" ɗin ya bi ni har gida. Ta ce 'yar ƙanwarta ta ji ana cewa wasu, in sun tsorata, sukan roƙi likita ya rubuta ba su dace ba, don kada dangi su ga laifinsu. Labari kawai take ba ni, ta ce. Ta miƙo min takardar da yatsa biyu.

Ni? Ni da na sa hannu a gaban kwamiti, suka tambaye ni sau uku ko an tilasta min?

...Amma ƙwayoyin.

To, ga shi, tunda ba ka ji na. Bayan Ragab ya ce babu komai, likita ya juyo gare ni ya ce, maganin ciwon jiki fa? Na ce ba na sha. Ni na faɗa, da bakina, ba wanda ya riga ni. Alhali suna cikin aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zare, farare, na ciwon baya. Biyu da safe, biyu da rana, biyu in zan kwanta, in lokacin komawa makaranta ya zo aiki ya yi yawa in ƙara. Kowa na sha. Ana sayar da su kamar alewa. Me ya sa ban faɗa ba? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Tun ranar farko an ba ni takarda cewa kada in sha komai sai da izini, na ninke ta na sa a jaka, na ci gaba da sha. Baya ne ke ciwo. Baya ne kawai. Mutum ba ya...

Yarinyar da ke bayan taga ta kira sunana. Ba ta iya faɗinsa ba, ta ce Awatif Abdul-Ali, amma ni ce.

Wannan ambulan ɗin a liƙe yake tsaf, gam har kusurwa. Babu wanda ya taɓa shi. Ba zan buɗe a gabansu ba. A matattakala, inda haske ke shigowa ta 'yar taga, injin matse rake yana gurnani a ƙasa. Yatsuna sun ƙi. Da haƙori.

Casa'in da ɗaya. Sittin da takwas. Taurari biyu.

Ke nan Hamdi bai taɓa komai ba. Allah ya yafe min, bawan Allah yana can yana duba fitsarin mutane ni ina nan na ɗaure shi na yanke masa hukunci. Lambar tawa ce. A jikina take. Ganyen ne, ko ƙwayoyin, ko kitsen shekara da shekaru na gurasar fatir da man shanu, takardar ba ta faɗa ba, ba kuma za ta faɗa ba. Sai a jira. Sati huɗu ba za a yanka ni ba. Sati huɗu, wataƙila ma...

Mene ne wannan?

Kafaɗuna. Sun sauka. Ban san a ɗage suke ba sai da suka sauka. Numfashi yana shiga har ƙasan ciki, wani irin sanyi yana bin bayana, kuma ƙamshin ƙosan ta'amiyya daga titi... yunwa nake ji, Yaya. Yunwa ta gaske, irin wadda rabona da ita tun ranar da na ce ga ni. Kana kwance a hawa na uku ana juya ka kamar jariri, an ce min hantata ba za ta yi maka ba, ni kuma ina tsaye a matattakalar mutane yawuna na tsinkewa.

Ba haka ya kamata in ji ba. Bari in jira, ɗayan zai zo, baƙin cikin. Yana hanya. Dole yana hanya.

Wayar tana rawa a cikin jaka. Sunanka ne. Nagat ta riƙe maka ita a kunne, na sani, don hannunka ba ya iyawa yanzu. Za ka ce, ina kika shiga, masifaffiya? Kuma za ka ji muryata. Kai kaɗai ne ba na iya ɓoye wa murya.

Bari in zauna tukuna. A nan, a kan matakalar. Minti ɗaya.

Tana ta rawa...