Kwalbar Bakura

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, Malam Jatau yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Talata Mafara. Mutum ne marar dariya, abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ya ce hadarin da ke tasowa daga gabas ya ratsa garin, wani lokaci ba ya tsayawa sai teku. Can yake riƙa, ya zama guguwar da rediyo ke cewa tana kwashe rufin gidaje a Amurka.

Shugaban makaranta, Malam Yahaya, bai yarda ba.

"Jatau, hadarinmu da ko gero bai ƙosar ba, shi ka zuwa Amurka? Ka nuna mini a aune. In ba haka ba, darasin nan ya ƙare, ka koma duba gonar makaranta."

Malam Jatau ya je wurin injiniyoyin dam ya kwafo awon ruwansu. Ya samo kwalabe uku da mazurari. Ɗaya ya kafa a makaranta, ɗaya ya ba ɗalibinsa Ɗanasabe ɗan Maradun, ɗaya ya ba ɗalibinsa Gajere ɗan Bakura, tunda za su gida hutu. In an yi ruwa su duba lokaci, su toshe kwalba, su kawo. In Maradun da ke gabas ta riga Bakura da ke yamma jiƙewa, hadari yamma ya nufa.

Aka yi ruwa. Aka dawo hutu. Malam Yahaya ya shigo aji ya zauna a baya, ya harɗe hannu.

Ɗanasabe ya ajiye tasa. Ruwa yatsa biyu, bayan azahar. Ta makaranta yatsa biyu da ɗan ɗori, kafin la'asar. Malam Jatau ya rubuta a allo.

Gajere ya fito da tasa daga riga. Cike take har wuya, fara fat.

"Gajere, mene ne wannan?"

"Nono ne, Malam."

"Nono aka yi a Bakura?"

"A'a, ruwa anka yi. Gwaggo Marka ta gani, tac ce ko kwanon maƙwabci ba a maishe shi wayam, balle kwalbar malami da guntun ruwa kamar muna gaba. Tab ba kaji ruwan."

"Yaushe aka yi shi?"

"Tac ce lokacin da akuyarta tash shigo ɗaki."

Malam Jatau ya dubi gurbin Bakura a allo. Ya fara tunanin fartanyar gonar makaranta.

Malam Yahaya ya taso, ya ɗauki kwalbar Gajere, ya cire toshiyar, ya shinshina, ya kurɓa. Ya daɗe yana kallon rufi.

"Awo bai kammala ba," ya ce. "A ci gaba da darasi har ƙarshen damina. Bakura kuma a riƙa aika kwalba biyu."

Ya fita da kwalbar nonon a hannu.