Ni Ne Talakan Taro

Daren jiya na yi mafarki wai an gayyace ni taron masana tattalin arziki. Ni Tanko mai faci, da ko taron unguwa sai dai in ji labari. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi sama, don haka na shiga zauren wandona sharkaf, hulata a bushe.

A bakin ƙofa wani bunsuru mai tabarau ya duba takardar sunaye, ya cinye gefenta, ya ce, "Kai ne talakan? Madalla. Na bara ya samu aiki, ya ɓata mana bincike."

Aka ɗora ni a kan tebur yadda kowa zai gan ni.

Shi kuwa Tattalin Arzikin ashe wani dogon dattijo ne, yana kwance a tabarma a tsakiyar zaure, an lulluɓe shi da bargo. Masana suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa. "Sannu Baba, ya jiki?" Sai ya yi rabin awa kafin ya ce, "Da sauƙi." Duk sanda ya faɗa, sai a rubuta an samu ci gaba.

Wata Dakta Talatu ta ce a yi masa ƙaho. Farfesa Maikano ya ce a ƙyale shi, kasuwa za ta tashe shi da kanta. Aka aika kiran kasuwa, aka ce ta tafi biki.

Sai ga mu a wajen cin abinci. Aka dire mini farantin shinkafa da cinyar kaza. Yunwa nake ji ba ta wasa ba, har idona ya kawo ruwa don murna. Ina miƙa hannu Dakta Talatu ta ƙwala mini biro a yatsa.

"Haba Malam Tanko, kai fa ake aunawa. In ka ci yanzu, da me za mu kwatanta?"

"Ranki ya daɗe, loma ɗaya."

"Loma ɗaya a wajenka ai canji ne babba."

Aka shigo da wani Alhaji Barau, attajirin taro, aka zaunar da shi kusa da ni. Shi an ce ya ci, tunda cinsa ba ya canza komai. Ya share farantinsa, ya jawo nawa, ina kallo har ƙashi ya tauna.

Farfesa Maikano ya miƙe ya ce, "Faranti biyu, mutum biyu. Ke nan kowa ya ci ɗaya. An samu daidaito." Aka ce in yi gyatsa a rubuta. Na yi na yi ta ƙi zuwa, Alhaji ya yi a madadina.

Ana cikin tafi Baba ya yafito ni daga tabarmarsa. Na je na durƙusa na kai kunne.

"Ɗan nan, kai ma ba su ba ka ba?" in ji shi. "Ni shekarata uku a kwance suna zuwa dubiya, ko kunu babu wanda ya taɓa kawo mini."

Na ɗaga hannu zan faɗa musu, aka ce in matsa, ina tare hoto.

Ƙarar kankare tukunya ce ta tashe ni. Matata Ladidi ce a tsakar gida. Daga kwance na ce ta ajiye mini ƙanzon.

Ta ce, "Malam, shi ma rabawa za a yi. Mu bakwai ne."