Huji Uku a Cikin Wasila

Wata biyar Wasila ta yi tana ɓoye takardar lokotoro, wato likita, a ƙasan akwatinta. Ƙari ne ya fito mata a gefen mahaifa, an ce sai an yi aiki. Ita kuwa ta san aiki. Shekara tara da suka wuce, da aka fid da ɗanta na fari ta ciki, ta farka tana sheƙa amai, cikinta ya kumbura, ta yi sati uku ba ta iya duƙawa ta tatsi saniya ba.

Sai da ciwon ya kayar da ita a kasuwar Dogarawa, ƙwaryar nononta ta kife, sannan ta yarda mijinta Lurwanu ya kai ta gidan likita.

Da safiyar ranar aikin, Ummulkhairi, matar da ke ba da maganin barci, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadonta.

"Malama, ku yi mini aikin ina ido biyu, zan daure," in ji Wasila. "Barcin nan naku shi ya kusa kashe ni."

Ummulkhairi ba ta yi mata dariya ba. Ta tambaye ta abin da aka sa mata a hanci wancan karon, da kwanakin da ta yi tana amai, tana rubutawa.

"Yaya, jiki in an taɓa shi sai ya kumbura, haka yake kare kansa. Amma yau ba yanka za a yi ba, huji uku ne ƙanana. Barcin kuma ta jijiya zan ba ki, ba iskar da kika shaƙa ba. Amai yakan yi sauƙi da shi, kumburin ma muna sa rai. Ba zan rantse miki ba, amma ina tsaye a kanki har ki farka."

Wasila ta miƙa mata hannu don a sa allurar.

Bayan azahar ta farka, babu amai. Sai dai kafaɗarta ta dama ta kama ciwo, ta tsorata, ta ce a kira Malama.

"Iskar da aka hura miki a ciki ce, don a ga wurin da kyau," in ji Ummulkhairi. "Tashi mu taka, tafiya ke rage ta."

Ta riƙe ta suka je ƙofa suka dawo, sau biyu.

Bayan kwana uku aka sallame ta. A tasha Lurwanu ya samo mata kujerar gaba, ya roƙi direba ya bi ramuka a hankali.