Wandon da Baba Tela Ya Datse

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba. Inna, matar Baba Tela maƙwabcinmu, ita ta ce in rubuta ko a karkace ne.

Ranar da na kai masa ɗinki, na tarar yana datse ƙugun wandonsa da almakashi. Inna na bakin ƙofa tana faɗa, wai kowane tela in ya rage wando, naɗe ragowar yake a ciki saboda gaba.

"In na bar wa tumbi wuri, dawowa zai yi," in ji shi.

Ciwon suga ke damunsa. Likita ya ce in ya rage ci, ƙiba ta zube, mai yiwuwa ya rabu da magani. Tun daga nan ya koma cin abinci a ƙaramin farantin jikarsa, mai hoton agwagwa. Kullum da safe sai ya zagaya layinmu sau uku. Duk Asabar ya auna ƙugu da tef, ya rubuta da alli a bango, bayan keken ɗinki. Idonsa ya yi rauni, don haka ni ke karanta masa lambar tef ɗin. Shiru-shiru yake kirana.

"Shiru-shiru, ɗaga murya mana. Ko kunyar tumbin kike ji?"

Wata bakwai muna haka. Inna na ƙorafin ta auri mutum guda, an bar ta da rabi. Shi kuwa burinsa ɗaya: ya ji likita ya ce a ajiye ƙwayoyin nan.

Ranar Litinin aka ɗebi jininsa. Ya ce in karɓo masa sakamakon ranar Alhamis, ɗinkin mutane ya yi masa yawa. Laraba da yamma Inna ta kai masa ruwa, ta same shi ya kifa kai a kan keke, tef a wuya, rai ya yi halinsa. Aka ce zuciya ce.

Washegari da safe na tafi asibiti, don shi ya aike ni, kuma bai ce in fasa ba. Ma'aikaciyar ta duba takardar, ta yi murmushi.

"Ki ce wa Baba ya yi ƙoƙari, suga ya sauka. Ya zo likita ya tsayar masa da maganin."

Na ce to. Na karɓi takardar, na fito.

Na tarar da Inna ita kaɗai a shago, wandon a cinyarta. Na faɗa mata. Ta daɗe tana shafa ƙugun.

"Ja'iri," ta ce a hankali, "ashe da gaskiyarsa."

Allin na nan inda ya bar shi. Na ɗauka, na rubuta "ya sauka" a ƙarƙashin lambar ƙarshe, da manyan baƙaƙe, yadda yake iya gani.